Tauraron da Ya Fito da Hantsi

Bazara ce, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun ba a gama dakan safe ba. Shekarar kuwa ba ta da daɗi. Ita ce ta biyo bayan wadda rashin ruwa ya cinye rabin gero, fara ta zo ta ƙarasa saura. Daminar da ta biyo ta yi kirki, amma jikinmu bai yarda ba. Mun ci anza, ƴaƴan itacen daji da ake ci da yunwa, har ɗacinta ya zauna mana a harshe, kuma ko da rumbu ya ɗan samu, ba a buɗe shi sai gaban mutum ya faɗi. Maza sun watse cin rani. Maigidana yana can kudu cikin Najeriya yana tura kurar ruwa, tare da samarinmu biyu, labarinsu sai in wani ya dawo. Garinmu ƙaramin ƙauye ne tsakanin Kona da Tasawa. In ka shigo shi da rana a lokacin, ba ka ganin kowa sai mata da tsofaffi da awaki masu bin inuwar darni. Kowa ya zama mai saurin tsorata. Ko jaki ya yi kuka ba a kan lokacinsa ba, sai ka ji wata ta ce Allah ya sa lafiya.

Mu uku ne a gida: ni, da uwar mijina da muke kira Iya, da autata, ɗiya mace wadda ko famfara ba ta fara ba.

A lokacin ni sabuwar mai karatu ce. Na yi rani biyu ina zuwa makarantar yaƙi da jahilci a wata rumfar zana bayan masallaci. Na gama ɗan littafin da aka ba mu, na sake gama shi, har na kai ina karanta shi ido a rufe. Wanda ya koyi karatu da girma kamar yaro ne mai sabon haƙori, komai ya gani yana so ya tauna. Na gwada buhun taki, na gwada kwalin magani, duk Faransanci ne, ban tsinci komai ba. Littafin Hausa mai kauri guda ɗaya ne a garin nan, kuma na Gwaggo ne.

Gwaggo maƙwabciyarmu ce, darni ɗaya ya raba mu, kuma duk gari haka ake kiranta. Kirista ce, gidanta kaɗai a ƙauyen. Mijinta mai haƙar rijiya ne, ya daɗe da rasuwa, ƴaƴanta suna Maraɗi, ita kuwa ta ce ba ta barin inda aka binne shi. Ran Lahadi takan ɗaura jakinta a amalanke ta tafi Tasawa wajen addu'arsu. Ita da Iya tare suka yi ƴanmatanci, kuma har suka tsufa ba su daina tsokanar juna ba. Iya tana ce mata ƴar Lahadi, ita kuma tana ce wa Iya Hajiya ba jirgi.

Ni ba addini na je nema wajenta ba, baƙaƙe na je nema. Sallata tana nan yadda na gada. Bayan la'asar nakan zauna a tabarmarta, ta buɗe mini littafin addininsu, in bi da yatsa, ita tana ɓarzar gyaɗa tana gyara mini inda na yi tuntuɓe. Iya takan leƙo ta kan darni ta ce, "Ƴar Lahadi, in kika maida mini suruka mai waƙa, ni da ke ne." Gwaggo ta ce, "Da wace muryar? Wagga da ko akuya ba ta iya kora da baki?"

Wata rana muka kai ga labarin da na sani tun ina yarinya, na annabin nan da ƴan'uwansa suka jefa a rijiya. Na yi murna da na same shi a can. Da muka zo wurin mafarkinsa, inda rana da wata da taurari suka rusuna masa, sai Gwaggo ta ajiye gyaɗarta ta ce, "Kin ga, a nan rana uba ce, wata uwa, taurari kuwa ɗiya. Haka uban yaron ya fassara shi da bakinsa." Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai. Na tafi da ita gida kamar an ba ni goro. Da yamma in taurari suka fara fitowa sai in ce a raina, ga ƴaƴan mutane can sun fito wasa.

Bayan kwanaki Gwaggo ta tafi gaisuwar mutuwa wani gari, ta bar mini littafin in riƙa motsa baki. Da na zauna ni kaɗai sai na yi abin da mai sabon karatu ke yi, na ce bari in ga yadda ya ƙare. Na juya can wajen ƙarshe. Abin da na iya haɗawa a wurin shi ne, wata rana tana zuwa da rana za ta yi baƙi ƙirin, wata ya koma kamar jini, taurari su zubo ƙasa yadda ɗanyun ƴaƴan ɓaure ke zuba in iska mai ƙarfi ta kaɗa itacen. Na san ɓaure. Akwai guda a bakin tafkinmu, kuma na sha ganin ƴaƴansa kore shar a zube bayan guguwa, ba su nuna ba, ba su da amfani ga kowa. Nan take na ɗauko abin da Gwaggo ta koya mini na ɗora a kai. In taurari ƴaƴa ne, to ƴaƴa ne za su zuba tun ba su nuna ba. Na rufe littafin, na naɗe shi a tsummansa, na mayar mata da shi ranar da ta dawo. Ban ce mata komai ba. Ni ba mai yawan magana ba ce, kuma ina jin kunyar a ce daga koyon karatu har na fara fassara.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila na manta. Sai ga rediyo ta fara shela cewa rana za ta yi husufi, kuma ta kanmu abin zai bi. Suka ce wata ne zai shiga gabanta, gari ya yi duhu da hantsi, wanda ya kalle ta kuwa zai iya makancewa. Husufin wata mun saba da shi, yara su fito da gwangwanaye da tsofaffin kwanoni suna kaɗawa har a sake shi, mu koma barci. Amma rana? Ko Iya ta ce ba ta taɓa ganin rana ta mutu gaba ɗaya ba. Mai gari ya sa aka bi gida-gida: ranar nan ba zuwa daji, ba zuwa kasuwa, ba lakwal, wato makarantar boko, a kulle yara a ɗaka tun safe har a saki rana. Liman ya ce mazan da suka rage su taru a masallaci. Tsofaffin mata suka ƙara da nasu, suka ce a rufe bakin rijiya da zana, a kife faifai a kan kowace randa, kada zazzaɓin rana ya faɗa cikin ruwa.

Ni kuwa ina ji ina lissafi a zuci. Rana uba ce, ga shi za ta yi duhu, kuma tun shigowar rani ba mu ji ɗuriyar maigida ba. Na farko ke nan, rediyo ma ta faɗa. Saura na taurari. A kuma makon ne aka fara cewa sanƙarau ya shiga ƙauyen da ke gabas da mu, ya ɗauki yara.

Ana gobe husufi, da yamma, autata ta dawo daga wasa ta ce kanta na ciwo. Jikinta ya yi zafi. Na ba ta rabin ƙwayar da nake da ita, Iya ta karɓo rubutu wajen liman muka ba ta. Ta yi amai. Muka ce zafin gari ne. Da gari ya waye sai na ga ta kwanta wani iri, kai ya koma baya, gwiwoyi a naɗe. Na ɗaga labulen ƙofa don in dube ta da kyau, haske ya faɗo mata a fuska, sai ta ƙwalla ƙara ta ce, "Inna, hasken nan na cizo na. Ki kashe shi. Ki kashe rana."

Na saki labulen na zauna a ƙasa. Yarinya ta roƙi a kashe rana a ranar da aka ce rana za ta mutu. Ban yi kuka ba, ban tashi ba, na riƙe ƙafarta kawai. Abin da ke raina shi ne an riga an rubuta, har na karanta da idona, kuma abin da aka rubuta ba a kai shi likita.

A haka Gwaggo ta same mu. Ta shigo aron faifai ne, nata bai kai bakin randarta ba. Ta dubi yarinyar, ta ajiye maganar faifai, ta durƙusa ta sa hannu a ƙeyarta ta ɗan tura kan wajen ƙirji. Wuyan ya ƙi, kamar an sa masa itace. Yarinya ta sake ƙara.

"Tashi," in ji Gwaggo. "Ɗauko zanenki. Tasawa za mu."

Iya ta tsaya a bakin ƙofa ta buɗe hannuwa. "Ba inda za a hita mini da jika yau. Ba ki ji abin da mai gari ya ce ba? A bari a saki rana."

"In aka saki rana, wuyanta wa zai sake shi? Wanga ciwo ba ya jiran azahar, ke ma kin sani. Tare muka binne na ƙanwarki."

"Ki kai ta daji rana ta mutu a kanta? Ta makance?"

"Makauniya ana yi mata jagora, Hajiya. Matsa."

Iya ta juyo gare ni. "Ke uwarta, ba ki da baki?"

In na fitar da ita, na kai tauraro ƙarƙashin sararin da zai zubar da shi. In na bar ta, ga wuya ya sandare. Na dubi tsofaffin nan biyu, kowace tana jira, sai na ji bakina ya ce, a hankali, "Iya, ki yi mini gafara." Na sunkuya na ɗauki ɗiyata. Iya ta sauke hannuwanta daga bakin ƙofa. Daga nan ta juya ta janyo gwadonta mai kauri daga kan gado, wanda ba ta ba kowa ko da sanyi, ta lulluɓe yarinyar da shi tun daga kai har ƙafa. Ta ce wa Gwaggo, "In kika dawo mini ba ita, kada ki biyo ta ƙofata." Gwaggo ta ce, "To ki yi ta jan carbin, kada ki tsaya gulma."

Mai kabu-kabu ɗaya ne a garin, kuma ya kulle babur ɗinsa a ɗaka tare da kansa. Muka ɗaura jaki. Muka fita gari shiru kamar an yi ƙaura, ƙofofi a rufe, rijiya a lulluɓe da zana an danne da duwatsu. Daga masallaci kawai ake jin gunjin maza. Na zauna a tsakiyar amalanke da yarinya a cinya, zafin jikinta yana ratso gwado. Gwaggo tana gaba da sanda, ta ja kallabinta har gira, ta ce, "Idonki a ƙasa. Kome kika ji, kada ki ɗaga kai."

Da farko ba abin da ya sake. Rairayi, sabara, kalgo, gonaki tsirara da kututturan kara. Can sai na lura zafin ya daina cizo. Hasken ya yi wani iri, kamar an surka shi da ruwa, ga inuwarmu a ƙasa ta yi kaifi. Muka bi ta ƙarƙashin wani babban gawo, na dubi ƙasa yadda aka ce mini, sai na ga duk ɗigon hasken da ke ratso ganye ya koma siffar jinjirin wata. Ba ɗaya ba, ba goma ba, ƙasa duk ta cika da su, har a kan gwadon Iya, har a bayan hannuna. Na yi salati da ƙarfi. Abin da na ɓoye tun ranar nan ya fito da kansa.

"Gwaggo, banza muke tahiya. Na karanta. A littafinki na karanta."

"Kin karanta mi?"

Na gaya mata. Rana ta yi baƙi, taurari su zuba kamar ɗanyen ɓaure. Na ce ke kika ce mini taurari ɗiya ne. Na ce ga uba ba labari, ga rana za ta mutu, ga ta nan a cinyata ba ta nuna ba.

Gwaggo ta juyo gaba ɗaya har sandar ta kusa faɗuwa. "Wayyo ni. Shi ya sa kika maido mini da shi kamar garwashi? Ke ɗiyar nan! Kin yanko hannun riga kin ɗinka a ƙafar wando. Wancan mafarkin yaro guda ne, a gida guda, ubansa ya fassara shi. Wa ya ce miki duk inda aka ce tauraro a littafin nan ɗiyarki ake nuhi?"

"To mi ake nuhi?"

Ta bugi jaki, don ya fara rage tafiya yana kaɗa kunne. Ta yi magana tana kallon gaba, kuma na ji muryarta ba daidai take ba. Ta ce a wajensu tauraro ba abu guda yake nufi ba, sai an dubi wurin da ya fito. Akwai inda aka fitar da wani tsoho marar ɗa waje aka ce ya ƙirga taurari in zai iya, haka zuriyarsa za ta yi yawa, wannan alkawari ne. Akwai tauraron da ya ja matafiya daga gabas har ƙofar da jariri yake, wannan jagora ne. Akwai inda ake kiran masu koya wa mutane gaskiya taurari. Wurin da na karanta kuwa, fastonsu ya ce sarakuna ne da manyan duniya, masu ganin ba mai taɓa su, ranar da za a kashe musu fitila a sauko da su.

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce. Wani kuma ya zo daga Maraɗi ya ce a'a, taurarin sama ne na gaske, ran tashin duniya. Suka yi ta yi har tuwo ya huce. Amma duk cikinsu ba wanda ya ce ɗiyar mai dakan gero ce ta ƙauyenmu."

"To in na biyun ne ke da gaskiya? In yau ce ranar?"

Ta gyara riƙon sandarta. Sannan ta ce, "An ce mana ba wanda ya san ranar. Wagga kuwa har rediyo ta san ta, da sa'arta." Ta ɗan yi dariya, amma dariyar ba ta kai ko'ina ba. "In kuma yau ɗin ce, gara ta same mu a hanyar likita da ta same mu zaune."

Ban ce maganarta ta shige ni ba. Na ji ta da kunne, amma cikina bai karɓa ba, domin a daidai lokacin iska mai sanyi ta taso, irin wadda ba ta da abin yi a bazara. Tsuntsaye suka yi ta wucewa ƙasa-ƙasa suna neman itace. Wasu shanu can nesa suka juya suka kama hanyar gida su kaɗai. Jakin Gwaggo ya tsaya cak. Ta buge shi, ta roƙe shi, ta zage shi har uwarsa, bai ɗaga ƙafa ba. Sai na ga duhu yana tahowa daga yamma ta kan gonaki, da gudu, kamar an yaye wani baƙin zane ana shimfiɗawa. Ya rufe mu.

Gwaggo ta saki sanda ta kamo hannuna. Ta fara wata waƙa ta addininsu can ƙasan maƙoshi, tana yi tana yankewa. Ni kuma duk addu'ar da na sani ta tsere, sai sunan Allah kawai nake maimaitawa. Yarinya ta yi tsit a cikin gwado, nishin da take yi tun daga gida ya tsaya.

An ce kada in ɗaga kai. Na ɗaga. Inda rana take sai wani baƙin rami, kewaye da farin gashi mai motsi. Gefen duniya duk ya yi ja kamar magariba ta faɗo ta kowace kusurwa. Can gefe kuma, sama da kan itatuwa, ga tauraro guda, babba, fari tas, da hantsi.

Na kafa masa ido. Abin da Gwaggo ta gama faɗa duk ya bi iska. A raina wannan ɗiyata ce aka rataye a can, kuma in ya motsa, in ya zubo, shi ke nan. Na ƙanƙame ta har na ji ƙasusuwanta. Ban ƙifta ba. Hawaye suka cika mini ido, tauraron ya fara rawa a cikinsu, na ce a'a, a'a, tsaya. Ban san tsawon lokacin ba. An ce bai kai a dama fura ba, ni kuwa na tsufa a cikinsa.

Sai wani ɗigon wuta ya ɓullo a gefen ramin. Gwaggo ta danna kaina ƙasa da tafin hannu, da ƙarfi, har haɓata ta bugi kan yarinya. Haske ya fara dawowa a kan rairayi. Na fizge na saci kallon gefen da tauraron yake, nesa da rana, na ga yana dushewa, yana dushewa, har babu.

"Ya tahi! Gwaggo, ya tahi!"

"Bai faɗo ba. Kin ga ya faɗo? Gamzaki ne, uwar tsoro, wanda kike gani kullum in kin tashi asuba. Haske ne ya rufe shi. Buɗe ta mu gani."

Na kasa. Ita ta ɗaga bakin gwadon. Yarinya ta yamutsa fuska ta kau da kai daga hasken, ta ce da ƴar murya, "Inna, rufe." Ban taɓa jin daɗin koke irin na ranar ba. Wani zakara ya yi cara daga wata ruga, jaki ya girgiza kunne ya kama tafiya ba wanda ya taɓa shi. Gwaggo ta share fuska da bakin kallabi ta ce, "Mu a wajenmu, wancan tauraron ma suna ne na Mai Cetonmu. Shi ke hitowa in dare ya kusa ƙarewa." Ta ƙara da cewa, "Amma kada ki je ki ɗinka wannan ma a wani wuri."

Muka shiga Tasawa mutane suna fitowa daga ɗakuna suna duban juna kamar waɗanda suka dawo daga tafiya. A likita majo, babban ma'aikacin wurin, ya taɓa wuyan yarinya sau ɗaya, bai tsaya tambaya mai tsawo ba, ya sa aka yi mata allura mai kauri kamar mai, a cinya. Aka ba mu tabarma a wata rumfa inda aka ware masu irin ciwon. Na tambaye shi ko za ta tashi. Ya ce mun zo da sauran lokaci, amma shi ba ya alkawari, mu ga wayewar gari. Gwaggo ta juya da amalanke kafin la'asar, ta ce in ba ta koma ba Hajiya za ta cinye carbin nan.

Ɗiyata ta tashi. Sai dai ciwon bai tafi hannu banza ba, ya tafi da kunnenta na hagu. Yau ita ma uwa ce, kuma in za ka yi mata magana sai ka zagayo ta dama. Na sha tambayar kaina ko da na ɗauke ta tun da asuba, maimakon in zauna riƙe da ƙafarta, da kunnen yana nan. Majo bai ce haka ba, ba wanda ya ce haka. Maigida ya dawo da ruwan farko, lafiyarsa lau, rana ba ta ce komai a kansa ba. Gwaggo da Iya duk sun riga mu gidan gaskiya, damina ɗaya tsakaninsu. Na ci gaba da karatu a tabarmarta har ƙarfinta ya ƙare, amma ban sake juya shafi ni kaɗai ban tambaya ba. Kuma har yau, in na ga tauraro ya yanko ya faɗi, sai na ƙirga jikokina a zuci kafin in tuna da hannun riga da ƙafar wando.

Amma a ranar ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na kwana zaune, hannuna a kan ƙirjinta. Da aka kira assalatu na fita da buta bayan rumfa, ina tsoron ɗaga kai, na ɗaga. Gamzaki yana nan a gabas, inda ya saba, ba abin da ya same shi. Na yi alwala na yi salla. Da na dawo na tarar ta buɗe ido, wuyan yana nan a sandare amma ta ce tana jin ƙishirwa. Na ba ta ruwa da ludayi kaɗan-kaɗan, na samo koko a bakin ƙofar likita ta sha abin da ta iya. Na sami wata mata mai komawa wajen Kona na ce ta biya ta gaya wa Iya jikarta ta sha koko. Sannan na roƙi sabulu wajen maƙwabciyar tabarmata, na wanke gwadon Iya da yarinya ta ɓata da amai, na matse shi, na shanya shi a rana.